'Yar Farin Baba Direba

Shekarun da na yi ina aiki a ƙaramin asibitinmu na bakin ruwa, a ƙasar Ngaski, rabinsu a cikin jirgin ruwa na yi su. Asibitin 'yan ɗakuna ne da baranda, sai bishiyar dalbejiya da benci a bakin ƙofa, amma yawancin mutanen da muke dubawa ba a tudu suke ba. Suna can tungayen masunta da tsibirai, inda babu hanyar mota balle ta babur. In lokacin rigakafi ya zo, ko ranar awon ciki, sai mu ɗauki akwatin sanyi da ma'auni mu gangara kwata, inda jirage ke tsayawa, mu shiga jirgin asibiti. Ni kuwa 'yar Yelwa ce, ina kallon ruwa na girma, amma har yau ban iya iyo ba, kuma ban ga dalilin koya ba tun da Allah ya ba ni ƙasa in taka.

Mai tuƙa mu wani dattijo ne da kowa ke kira Baba direba. Basarke ne, wato ɗan gadon su da tuƙin jirgi, gajere mai faɗin ƙirji, da wata hular saƙa da rana ta cinye launinta. Ma'aikacin asibiti ne kamar kowannenmu, sai dai shi ofishinsa kujerar bayan jirgi ce, kusa da inji. Kullum kafin mu iso ya riga ya kwashe ruwan da ya kwana a jirgi, ya wanke shi, ya shimfiɗa mini buhu inda zan zauna. Sannan tsokana ta fara. Da mun bar kwata na damƙe gefen jirgi da hannu biyu, sai in ji shi daga baya:

"Malama, sake ma jirgi kunne, ba shi tsere maki."

"Baba, ka ji da injinka, ni in ji da raina."

"Ɗiyar Yelwa da tsoron ruwa! Wallahi kin ba da mu."

Haka muke har mu kai. Ban taɓa yin cacar baki da wani mahaluki kamar yadda na yi da tsohon nan ba, kuma babu ranar da na shiga jirginsa raina a ɓace na sauka da ɓacin ran.

A ɗaya daga cikin tungayen da muke zuwa akwai 'yarsa, tana aure can. Ita ce 'yar farinsa. Doguwa ce mai wushirya, ba ta iya magana ba dariya, kuma lokacin da na san ta tana da ciki, don haka duk zuwanmu sai na auna ta. Abin da ke ba ni dariya shi ne, da mun tsaya a tungarsu sai injin Baba ya sami matsala. Inji lafiyayye da ya kawo mu ba ko tari, nan take sai an buɗe shi an duba. Ita kuma za ta gangaro bakin ruwa ta durƙusa can nesa ta ce, "Baba, sannu da zuwa." Shi kuma ya amsa wa inji, "Lahiya." Bai kallon ta, bai kiran sunanta. Mu nan ba baƙon abu ba ne, haka iyaye ke kunyar ɗan fari. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, ko a bayan idonsa.

Amma fa kullum akwai ƙunshi a ƙarƙashin kujerarsa. Wata rana albasa, wata rana manja a 'yar gora, wata rana ƙuli-ƙuli. In zan sauka sai ya miƙo mini yana kallon wani wuri.

"Malama, ki ba yarinyar gidan can."

"Wace yarinya, Baba? Gidan can cike yake da yara."

"Ke kin sani."

"Ban sani ba. Faɗa mini sunanta, kada in ba wata."

"Kai, wagga Malama ba ta da ta ido! Aje mani kayana in ba ki kai."

Da mun kamo hanyar dawowa, sai mun yi nisa sannan zai yi gyaran murya ya ce, "Awon ga na yau, kowa lahiya?" Ni kuma in ja masa rai, in fara lissafo masa matan tunga ɗaya bayan ɗaya, in bar ta sai ƙarshe. In na ce, "Yarinyar gidan can ma lafiya lau, ɗan yana kwance daidai," sai in ji inji ya ƙara kuka, jirgi ya ɗaga kai.

A ƙarshen wata damina, ruwa ya cika ya batse, aka bugo mana waya da hantsi cewa 'yar Baba ta haihu a gida, jaririya na raye, amma jini ya ƙi tsayawa. Ni na gangara kwata na gaya masa. Ban ce 'yarka ba, cewa na yi gidan can. Ya ja igiyar inji.

Da na shiga ɗakin na ga tabarma, na ga tsummokaran da aka tara a gefe, na san abin ya yi nisa. Leɓɓanta sun yi fari. Na yi abin da aka koya mini, na sa mata ruwa a jijiya, aka ɗauko ta aka kwantar a tsakiyar jirgi, kanta a cinyar uwar mijinta. Niyyarmu mu kai ta kwata, daga nan mota ta wuce da ita babban asibiti inda za a ƙara mata jini. Ina durƙushe kusa da ita, hannuna ɗaya a sama riƙe da ledar ruwa. Ran nan ban tuna da gefen jirgi ba.

Akwai wani wuri a hanyar da busassun itatuwa ke tsaye cikin ruwa, tun na zamanin da aka datse kogi, tafki ya ci ƙasar. Daidai nan ta cika. Na taɓa wuyanta, na sake taɓawa, sannan na sauke hannuna da ledar ruwan. Ban juya ba, amma na san ya gani, don daga kujerarsa babu abin da ke ɓoye. Uwar mijin ta fara salati. Baba bai rage gudu ba. Haka ya kawo mu har kwata kamar akwai sauran abin da za a cim ma, ya ɗaure jirgi, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya hau tudu neman maza.

Washegarin sadakar uku na iso aiki na hango shi a kwata yana kwashe ruwa a jirgi. Muka je muka yi masa gaisuwa yadda ake yi. "Baba, ya haƙuri?" Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ku tahi ku yi ma mijinta gaisuwa, shi anka yi ma rashi." Shi ke nan, magana ta ƙare. Mutane suka dinga yaba shi, wai dattijon nan akwai tawakkali, ko hawaye ba a gani ba. Ni dai na lura cewa ya shimfiɗa mini buhuna, amma har muka je muka dawo bai tsokane ni ba.

Shugaban asibitinmu a lokacin, wanda muke kira Oga, mutumin ƙasar Zuru ne, Kirista, mai sanyin hali da son ma'aikatansa. Bai daɗe da dawowa daga wata bita a Birnin Kebbi ba, inda aka yi musu magana a kan kula da kwanciyar hankalin ma'aikata, kuma ya ɗauki abin da gaske. Har dariya muka yi masa lokacin da ya dawo yana tambayar kowa ko yana samun barci. Da wannan rashi ya faru, niyyarsa ta farko ita ce ya kira Baba ofis su zauna su yi magana. Manyan cikinmu suka taso masa. Suka ce kul, 'yar fari ce, in ka yi masa maganarta kunyata shi za ka yi, dattijo ba ya son a tone masa abin da ya rufe. Oga baƙo ne mai gudun taka al'adar mutane, sai ya ji tasu.

Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya ce mana, "Ta yaya zan bar mutum ya riƙa shiga jirgin da 'yarsa ta mutu a ciki, yana bin hanyar nan kullum? Ko ni ba zan iya ba." Magana ce ta mai imani, babu wanda ya musa. Sai ya yanke shawara shi kaɗai. Ya kira Baba a baranda, ina nan ina jera kwalaben allura, ya ce:

"Baba, daga gobe ka huta da jirgi. Ka riƙa zama nan bakin ƙofa kana lura da masu shiga da fita. Za mu samo wani ya riƙa kai su."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, don faɗin dalili yana nufin ambaton wadda aka hana shi ambato. Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin kwaɗon da ake ɗaure jirgi da shi, ya miƙa da hannu biyu. Ya ce, "To, ranka shi daɗe."

Sabon direban da aka samo ba shi da aibu. Magidanci ne, ya iya ruwa, ba ya magana, rediyonsa kawai yake ji. Aiki ya ci gaba yadda yake, ba mu taɓa makara ba, ba mu taɓa karo da kututture ba. A lokacin mun ɗauka wannan alheri ne. Sai daga baya na gane cewa daga bencin nan na gindin dalbejiya ana hango kwata sarai. Kowace safiya Baba yana zaune yana ganin wani na kwance jirginsa, yana ganin mun tafi, yana ganin mun dawo lafiya lau ba tare da shi ba.

Ruwa ya fara ja baya, masu albasa suka bi bakin tafki da shuka, Baba kuma ya fara ƙarewa a kan idonmu. Rigarsa ta yi masa yawa. Ya daina aske gefen gemunsa. In ka gaishe shi sai ka maimaita kafin ya ɗago. Wata rana awaki suka shiga har ɗakin awo suka cinye mana takardun bango, yana zaune a bakin ƙofa bai gan su ba. Na fito da masifata zan sauke masa, yadda muka saba, har na ce, "Baba, awakin ma katin awo suka nuna maka?" Da can da ya rama mini har sai na gudu. Ran nan sai ya miƙe tsaye ya ce, "Ki yi haƙuri, Malama." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Kowa ya kawo nasa bayani. Wasu suka ce tsufa ne. Wasu suka ce mutanen ruwa ne, wato aljanu, suka taɓa shi, a nemo hayaƙi da rubutu. Oga kuwa, da ya ga abin na ƙaruwa, sai ya ƙara tausayi. Ya ce Baba ya riƙa tashi da azahar. Da bai ga sauƙi ba, ya ce ba sai ya zo ranar Juma'a ba. Duk sauƙin da aka ƙara masa, sai tsohon ya ƙara nutsewa. Har aka kai inda Oga ya fara cewa ko a nema masa ajiye aiki saboda rashin lafiya, ya koma gida ya huta gaba ɗaya. Na san in aka yi haka mun binne shi da ransa, amma ban san me zan ce a yi ba, don ni ma ban san inda ciwon yake ba.

Matarsa ce ta nuna mini. Inna muke ce mata, tana zuwa awon hawan jini. Ran nan bayan na cire mata abin awo sai ta ƙi tashi. Ta ce malam ba ya cin abinci, sai ya taɓa ya ture. Ta ce ya daina zuwa majalisarsu ta kwata, inda ya yi shekaru yana zama da abokansa bayan la'asar. Ko masallaci za shi, sai ya zaga ta bayan gari don kada ya bi ta bakin ruwa.

Na ce, "Inna, ganin ruwan ne ba ya so?"

Ta girgiza kai. "Ba ruwa ba ne, mutane na. Can kwata cewa suka yi asibiti ta amshe mai jirgi."

"To ai hutu aka ba shi."

Ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da bai san komai ba. Ta ce, "Malama, a wurin masu jirgi, in rai ya salwanta cikin jirgin mutum, sannan anka amshe mai makulli, mi kike so su ce?"

Nan na gane. Ni 'yar bakin ruwa ce, na san wannan sarai. Direban da aka sauke bayan mutuwa, an yanke masa hukunci ke nan, ko ba a faɗa ba. Mu muna cikin asibiti muna ta yaba kanmu da tausayi, a kwata kuwa an gama karanta abin tuni: dattijo ya yi ganganci da ran 'yarsa, har masu asibiti sun gani sun hukunta shi.

Da aka tashi aiki na je na zauna a ɗaya gefen bencin. Ban taɓa zama nan ba. Ya ɗan matsa, ya gaishe ni da aiki. Muka zuba wa kwata ido. Ina ta juya yadda zan fara, ni da bakina bai taɓa rasa magana ba, sai shi ya riga ni.

"Malama, in tambaye ki wani abu, tsakaninki da Allah?"

"Tambaye ni, Baba."

"Ran nan. Akwai hanya ta tsakiyar itatuwan ga, ta fi kusa. Ni kau na zaga ta waje, don ruwa ya cika ya ruhe kututtura, ga mutane cikin jirgi. Da na yanke ta ciki, da an kai?"

Muryarsa ba ta rawa. Tambaya ce da ta daɗe a bakinsa har ta yi laushi. Ashe duk watannin nan abin da yake yi a bencin nan ke nan, yana tuƙa jirgi a ransa, ya bi ta waje, ya dawo ya bi ta ciki.

Ya ce, "Na san Oga ya gani. Mutum ne mai kawaici, shi ya sa bai hwaɗi ba, ya dai amshi makulli. Ni ban ga laihinai ba."

Na juyo na fuskance shi, abin da ban saba ba. Na ce, "Baba, ban san gaibu ba, amma na san aikina. Jinin da ya zuba, kafin mu isa ya zuba. Tun da na shiga ɗakin nan na ga tabarma na san sai wani ikon Allah. Ko jirgin sama ka tuƙo ran nan, ba mu kai ba. Kuma da ka bi ta cikin itatuwa ka daki kututture, da yau gawa nawa ake magana? A asibiti babu wanda ya ga laifinka. Tausayinka aka ji, aka rasa yadda za a faɗa maka."

Ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Tausai?" kamar kalmar wani yare ce.

Ban san lokacin da na isa ofishin Oga ba, ko sallama ban yi ba. Na faɗa masa abin da ake faɗa a kwata, na faɗa masa tambayar da tsohon ya yi mini. Na ce an koya muku a rage wa ma'aikaci nauyi, to shi wannan aikin ne ke riƙe da shi, kun zare masa kun bar shi da benci. Na ce an tambayi manya, an tambayi al'ada, an tambayi takardar bita, mutum ɗaya ne ba a tambaya ba, ga shi can zaune a bakin ƙofa. Na faɗi wasu maganganun ma da ba su dace da ƙaramar ma'aikaciya ba. Oga bai katse ni ba. Ya dafe kansa da hannu biyu, da ya ɗago idonsa ya yi ja.

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko makullin, ya fita. Ina biye da shi. A gaban masu jinya da masu tallar ƙosai, shugaban asibiti ya tsuguna a gaban Baba direba. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. An ce kada in yi maka maganar 'yarka, amma yau zan yi, in na yi laifi ka yafe. Ban karɓi makullin nan don ka yi kuskure ba. Na ga kamar shiga jirgin zai riƙa tuna maka da ita, na ce in raba ka da shi. Ban tambaye ka ba. Yanzu ina tambayarka: me kake so?"

Baba bai dube shi ba. Ya dubi makullin. Ya ce, "Ranka shi daɗe, tuna ta ai ko ina nike ina yi." Sannan ya miƙa hannu.

Fitarmu ta farko bayan nan, Oga da kansa ya ce zai bi mu. Ya kuma sa muka gangara kwata da hantsi, lokacin da ta fi cika, ya tsaya yana gaisawa da masu jirgi yana cewa da ƙarfi, Baba ya gama hutu, mun gaji da rashinsa. Na sami buhuna a shimfiɗe. Muka kama hanya. Da muka zo daidai busassun itatuwan nan, sai na ji inji ya mutu. Na juya a tsorace, na ɗauka matsala ce. Ashe shi ya kashe.

Jirgi ya ci gaba da tafiya a hankali har ya tsaya da kansa. Babu motsin komai sai ruwa na taɓa katako. Baba yana zaune, hannunsa a kan inji, yana kallon tsakiyar jirgi inda aka kwantar da ita. Sai ya kira sunanta. Ba da kuka ya kira ba, kira ne irin na uba da ke zaune a zaure yana son a kawo masa ruwan sha, ya ɗan ja ƙarshen. Ya saurara kamar mai jiran amsa. Ya sake kira. Daga nan ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa jin namiji ya yi kuka irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ni ma na yi nawa. Oga ya juya baya yana kallon ruwa. Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri, an riga an faɗa masa wannan har ya ishe shi. Da ya gama ya ɗebi ruwa ya wanke fuska, ya mai da hula, ya ja igiya.

Zan so in ce daga nan ya warke, amma ba haka aka yi ba. Ya ci gaba da tuƙa mu, kuma ya yarda Oga ya kai shi Yelwa wurin wani likita da ya zauna ya saurare shi, ya ba shi maganin da ya taimaka masa da barci. Ya koma majalisarsa, ko da yake akwai waɗanda abin da suka ji da farko shi suka riƙe. Wani lokaci a hanya yakan ba ni labarinta, yadda tana ƙarama take ɓoye masa filafilin tuƙa jirgi don kada ya fita. Har tsokana ta ɗan dawo. Ranar da ya sake ce mini in sake wa jirgi kunne, sai da na juya fuska don kada ya ga idona. Oga kuma tun daga lokacin bai ƙara sauya wa kowa aiki ba sai ya zaunar da shi ya ji ta bakinsa, ko da mai shara ne. Amma watannin bencin nan sun riga sun ci jikin tsohon. Damina na kamawa ya kwanta, kuma kafin ruwa ya sake cika ya rasu.

Na je gaisuwa. Gidan cike da mata, na durƙusa na yi wa Inna ta'aziyya, zan tashi sai ta riƙe mini gefen mayafi. Ta ja ni zuwa cikin ɗakinta ta saki labule. Jikarta, jaririyar nan da aka bari, tana goye a bayanta tana barci, ta yi wayo har ta fara tafiya. Inna ta zauna a bakin gado, ta yi ƙasa da murya.

"Malama, an ce ya kira sunan yarinyar a kan ruwa."

"Ya kira, Inna. Ina wurin."

Ta murza gefen zanenta. Ta ce, "Ni tun da anka haihe ta ban taɓa jin shi a bakinai ba. Ni ma ban taɓa hwaɗi ba." Ta ɗago ta dube ni. "Yaya ya hwaɗe shi?"

Na dubi labule, na ga babu kowa. Sai na kira sunan yadda ya kira, a hankali, na ɗan ja ƙarshen.

Ta rufe ido. Ta sa hannu baya ta dafa yarinyar da ke goye.

Ta ce, "Sake."